HO ko N: Wane Ma'aunin Ƙaramin Jirgin Ƙasa Ya Dace da Mazaunin Saudiyya?

Duk wanda ya yi niyyar gina ƙaramin layin dogo a gida, irin wanda ake kwaikwayon jirgin ƙasa na gaske da tashoshinsa da taragunsa da jadawalin tafiyarsa, tambayar farko da za ta tare shi ita ce ta ma'auni. Ba a ɗage ta zuwa gaba, domin kan jirgi da tarago da layi da gine-gine duk sai sun zama ma'auni ɗaya, kuma wanda ya zuba kuɗi a kan wani ma'auni sannan ya sauya ra'ayi, kusan komai zai sake saye. Ga Bahaushe mazaunin Makka ko Madina ko Jidda ko Riyad lamarin ya ƙara nauyi, saboda mafi yawan kayan daga waje ake odarsu, gidajen galibi na haya ne, ga zafi ga ƙura. Ma'aunai biyu ne suka fi yaɗuwa a duniya, wato HO da N, kuma a kansu wannan kwatanci ya fi tsayawa, tare da wasu biyu da ke da dalili na musamman ga mutanenmu.

Ma'auni shi ne yawan rage girman jirgin gaske. A HO an rage shi sau 87, kuma faɗin da ke tsakanin ƙarafunan layin milimita 16.5 ne. A N an rage shi sau 160, faɗin layin kuwa milimita 9, sai dai kamfanonin Japan suna amfani da 150 ga jiragensu na gama-gari, na Ingila kuma 148, duk a kan layi iri ɗaya.

Abubuwan da za a auna

Na farko shi ne wuri, kuma kwana ce ke cinye shi. Miƙaƙƙen layi yana zama ko a kan kanta mai faɗin taƙi biyu a jikin bango, amma da zarar ana son jirgi ya zagayo ya dawo, sai an ba shi fili gwargwadon buɗin kwanar, wato nisan da ke tsakanin tsakiyar da'ira da layin.

Na biyu, wanda a ganina ya fi sauran muhimmanci kuma shi sabon shiga ya fi mantawa, shi ne irin aikin da mutum yake son jirginsa ya yi. Akwai mai son ya zauna ya ga dogon jirgin kaya yana ratsa fili, ya tsaya a sigina, ya ba jirgin fasinja hanya. Akwai kuma wanda daɗinsa yake wajen jeran taragu: a shigo da jirgi tasha, a cire wannan tarago a kai shi bakin sito, a ɗauko wancan daga layin mai, a haɗa sabon jirgi bisa takardar kaya. Dukkansu kwaikwayon aikin reluwe ne na haƙiƙa, amma ba ma'auni ɗaya suke so ba.

Saura su ne kuɗi, da juriya ga zafi da ƙura, da samuwar kaya, da sauƙin aiki ga ido da yatsu, da kuma haɗarin da ke tattare da ƙaura, domin mai zama da iƙama a gidan haya bai san ranar da zai kwashe kaya ba.

HO

HO shi ne ma'aunin da ya fi kowane yaɗuwa, kuma da shi aka gina babban wurin nune-nunen nan na Miniatur Wunderland da aka buɗe a birnin Hambog na Jamus a 2001. Yaɗuwar tana da amfani a aikace. Kamfanoni irin su Athearn da Atlas da Bachmann a Amurka, da Roco da Piko a Turai, duk suna yin kaya a wannan ma'auni, saboda haka kayan gyara da na hannu sun fi samuwa, kuma idan mutum ya gaji ya so sayarwa, ya fi saurin samun mai saye.

Matsalarsa wuri. Kwanar da aka saba ɗauka a matsayin mafi ƙanƙanta ga kayan Amurka tana da buɗin inci 18, kimanin santimita 46, wanda ke nufin da'irar kaɗai ta kusa mita guda a faɗi. Kayan Turai suna iya bin kwana mai santimita 36, amma dogon taragon fasinja a kan irin wannan kwana yana leƙowa waje har tsakiyarsa ta bar layin, kuma duk kamannin gaske ya tafi. Shi ya sa littattafan koyo suke yawan farawa da fallen katako mai ƙafa 4 da ƙafa 8, wato santimita 122 da 244. Wannan falle yana da ƙarami a takarda. A cikin ɗaki kuwa sai an bar hanya a gefe biyu aƙalla, domin hannu ba ya kaiwa fiye da kimanin santimita 75 ba tare da an ture wani abu ba, saboda haka yana cinye ɗakin kwana sukutum. Mai iyali a gidan haya a Jidda ya san wannan magana ba za ta wuce wajen uwargida ba, kuma da gaskiyarta.

Tsawon jirgi ma abin lissafi ne. Taragon kaya mai tsawon ƙafa 40 a gaske yana da tsawon santimita 14 a HO, saboda haka taragu ashirin da kan jirgi sun haura mita uku. Kilomita guda ta gaske mita goma sha ɗaya da rabi ce.

Inda HO ya yi fice shi ne wajen jeran taragu, kuma dalilan na zahiri ne. Kan jirgin yana da nauyi, ƙafafunsa suna danna layi sosai, wutar ba ta yawan yankewa ko da yana tafiya a hankali ƙwarai. Ƙugiyoyin haɗa taragu, musamman na kamfanin Kadee masu buɗewa da maganaɗisu, suna da girman da ido zai ga ko sun kama ko ba su kama ba, kuma ana iya raba su da ɗan tsinke ba tare da an ɗaga tarago ba. Lambar da ke jikin tarago tana karantuwa daga inda mutum yake tsaye, abin da yake wajibi ga mai aiki da katin tarago.

Ga yadda irin wannan aiki yake a ƙaramin wuri. Akwai wani tsari sananne da ake kira Inglenook, wanda wani Bature ɗan Ingila mai suna Alan Wright ya yi suna da shi. Layuka uku ne marasa ɓullewa, ɗaya yana ɗaukar taragu biyar, biyun suna ɗaukar uku-uku, sai layin ja da baya wanda ba ya ɗaukar fiye da kan jirgi da taragu uku. Ana zuba taragu takwas, kowanne da katinsa. A gauraya katunan a zaro biyar, kuma yadda suka fito haka za a jera jirgin a kan dogon layin. A ce katin farko ya faɗa kan tankin mai, shi kuwa yana can ƙurya bayan taragu biyu: dole direba ya ja biyun, ya tura su wani layi inda watakila su toshe taragon da ake buƙata na uku, ya dawo ya ɗauki tankin, sannan ya yi tunanin inda zai ajiye shi kafin ya warware abin da ya toshe. Jerin da ka iya fitowa ya kai 6,720. Duk wannan a kan kanta da ba ta kai mita biyu ba, ba kwana ko ɗaya, mahaɗar layi biyu kacal. Saboda haka maganar cewa HO sai mai babban ɗaki gaskiya ce ga mai son zagaye kaɗai.

Ta fuskar kuɗi, kowane kan jirgi da kowane tarago na HO yakan ɗara takwaransa na N tsada, kuma kwalinsa ya fi girma da nauyi wajen jigila. Amma mai jeran taragu ba ya buƙatar kaya da yawa: kan jirgi ɗaya mai kyau da taragu goma sha biyu sun ishe shi dogon lokaci.

N

Filin da HO zai cinye, N zai ci ƙasa da kashi ɗaya cikin uku nasa, domin ragin yana shafar tsawo da faɗi a lokaci guda. Layin Unitrack na kamfanin Kato yana da kwana mai buɗin milimita 249 da 282 da 315, kuma ko ta ƙarshen da'irarta ba ta kai santimita 70 a faɗi ba. Ke nan cikakken zagaye mai layi biyu yana zama a kan fallen ƙofa na katako, a jingine shi a bango idan an gama. Taragon nan mai ƙafa 40 santimita bakwai da rabi ne da 'yan kai, taragu ashirin mita ɗaya da rabi, kilomita guda kuwa mita shida da kwata.

Wannan yana da muhimmanci ga mai son kwaikwayon jiragen Saudiyya, domin su dogaye ne kuma a buɗaɗɗen fili suke tafiya. Jirgin Haramaini da ya fara aiki a 2018 tsakanin Makka da Madina ta Jidda, a kan layi mai kimanin kilomita 450, ƙirar Talgo ce ta Sifaniya, kuma tsawonsa kimanin mita 215 ne. A HO zai haura mita biyu, ya cika dandamalin tasha tun kafin ya motsa. A N kimanin mita ɗaya da sulusi ne. Jiragen ma'adinai da ke ɗauko fosfat daga Hazmul Jalamid a arewa zuwa Ra'asul Khair suna jan taragu sama da ɗari, abin da ba ɗakin da zai ɗauka a kowane ma'auni, amma taragu ashirin da biyar a N suna ba ido wannan tsawo idan kan jirgin ya ɓace bayan tudu alhali wutsiyar ba ta gama fitowa ba. Kawunan da ke jan su ƙirar SD70ACS ne na kamfanin EMD, waɗanda aka gyara domin yashi da zafi, kuma ɗan'uwansu SD70ACe yana samuwa a N daga Kato, a HO kuma daga Athearn. Mai haƙuri yana iya sake masa fenti. Haka layin Dammam zuwa Riyad ta Hufuf, wanda aka buɗe a 1951, ya dace da tsarin jadawali: layi, wuraren kaucewa, jirgin kwantena daga tashar ruwa yana jiran na fasinja ya wuce.

A irin wannan tsari ne ake amfani da agogo mai sauri. Idan aka sa shi ya ninka gudu sau shida, zaman awa biyu bayan sallar isha'i ya zama awa goma sha biyu na aikin reluwe, kuma tazarar mita uku tsakanin tasha da tasha ta ɗauki mintuna masu ma'ana a jadawali. Sharaɗin shi ne a kiyaye gudu. Kilomita 60 a awa daidai take da kimanin santimita 10 a daƙiƙa a N, da 19 a HO, kuma sabon shiga kusan kullum yana ninka wannan ba tare da ya sani ba.

Raunin N guda biyu ne, kuma a wannan ƙasa na farkon yana da zafi. Kan jirgin ba shi da nauyi, wurin da ƙafarsa ke taɓa layi ɗan mitsitsi ne, saboda haka ƙurar da HO zai taka ya wuce tana iya tsayar da shi cak, kuma ta fi tsayar da shi a kan mahaɗar layi yana tafiya a hankali, wato daidai inda jeran taragu yake faruwa. Wanda ya zauna a Riyad lokacin guguwar ƙura ya san tana shiga ko da tagogi a rufe. Maganin sananne ne: a rufe layin da yadi ko leda idan ba a aiki, a goge saman ƙarafunan da ƙyalle mai ɗan barasar goge-goge irin ta kantin magani, a tsaftace ƙafafun kan jirgin, kada kuma a taɓa layin da samfefa, domin karce yana riƙe datti. Aikin ba wuya, amma a N ba a yi masa fashi.

Na biyu shi ne ido da yatsu. Ɗora tarago a kan layi mai milimita 9, ko liƙa waya da dalma a jikin ƙarfen ba tare da an narkar da robar da ke riƙe shi ba, yana buƙatar haske mai kyau da hannu mara rawa. Dattijon da ya fara sa tabarau na karatu ya gwada kafin ya saya. Ƙugiyoyin Micro-Trains suna buɗewa da maganaɗisu kamar na Kadee, kuma akwai masu jeran taragu a N da kyau, amma haƙurin da ake buƙata ya fi yawa.

Wajen kuɗi akwai tarko. Tarago ɗaya ya fi araha, jigila ta fi sauƙi, kayan Japan kuma suna da inganci daidai da farashinsu, sai dai dalilin zaɓen N shi ne dogon jirgi, dogon jirgi kuwa taragu ne masu yawa. A ƙarshe mai N yakan kashe abin da mai HO ya kashe a fili iri ɗaya, wani lokaci fiye, domin filin yana ɗaukar layi da gine-gine ninki.

Wajen ƙaura kuwa N ba shi da na biyu. Akwai tsarin ƙananan akwatuna da ake kira T-TRAK, wanda ya samo asali a Japan kuma yake amfani da Unitrack, inda akwati guda yake da tsawon milimita 308. Kowane kafinta zai iya yinsa. Ana jera su a kan tebur, layin da kansa ya maƙale su, a raba su a sa a kabad idan an tashi. Abokai huɗu ko biyar kowa ya gina nasa a gida, su haɗu a istiraha, wato gidan hutu na haya, ranar Juma'a da dare su haɗa babban layi, kowa ya koma da kayansa a bayan mota.

OO da HO mai siririn layi

OO ma'aunin Ingila ne, ragi sau 76, amma a kan layin HO mai milimita 16.5, saboda haka layin ya ɗan yi wa jikin jirgin kaɗan. Hornby da Bachmann na Ingila su ne manyan masu yinsa. Amfaninsa ɗaya ne mai ƙarfi: tsofaffin taragun kaya na Ingila gajeru ne masu tafiya a kan ƙafafu huɗu kacal, har tsarin Inglenook yana zama a kan kanta mai kimanin mita ɗaya da santimita ashirin. Wanda ba ya sha'awar jiragen Ingila ba shi da dalilin shigarsa.

Na biyun, wato HO mai siririn layi, ya fi kusa da zuciya. Layin Hijaz da aka fara a 1900 daga Dimashƙ ya iso Madina a 1908, kuma faɗinsa milimita 1,050 ne, ƙasa da faɗin 1,435 na layukan Saudiyya na yau. Layukan Sudan, masu cibiya a Atbara, faɗinsu 1,067, daidai da tsohon layin Najeriya da ya iso Kano a 1911. Idan aka raba waɗannan da 87, ana samun milimita 12 da ɗan ɗori, kuma akwai layi mai milimita 12 a kasuwa, wanda ake kira H0m, daga Peco da Tillig. Ke nan wanda yake son ya gina tashar Anbariyya ta Madina da ginin dutsenta, ko tashar Mada'in Salih kusa da Ula, ko wata tasha a kan hanyar Sinnar zuwa Kosti, ko ta Zariya ta lokacin gyaɗa da auduga, yana da layin da ya dace da shi, da gine-gine da motoci na HO.

Abin da zai rasa shi ne jiragen. Yawancin kayan H0m da ake sayarwa a shirye, kamar na Bemo, kwaikwayon jiragen tsaunukan Suwizalan ne, kuma suna da tsada. Sai mutum ya sayi ƙasan kan jirgi mai mota da ƙafafu ya gina jikin da kansa da fallayen roba, ko ya zana a kwamfuta a buga masa da injin buga abubuwa masu jiki. Wannan hanya ce ta wanda ya riga ya gina layi ɗaya ya gama, kuma ba na ba sabon shiga shawararta komai son da yake yi wa tarihin.

Sauran ma'aunai ba su buƙatar dogon bayani. Z, wanda Märklin ya fito da shi a 1972 da ragi sau 220, ya fi N jin ƙura kuma ya fi shi tsada. O yana son babban zaure. G, mai layin milimita 45 wanda LGB ya fara a 1968, na lambu ne, kuma ranar bazara a Makka ba ta bar wa kowa sha'awar tsayawa a tsakar gida yana kallon jirgi ba.

| Abin aunawa | HO | N | OO | H0m |
|---|---|---|---|---|
| Ragi | 1:87 | 1:160 | 1:76 | 1:87 |
| Faɗin layi | mm 16.5 | mm 9 | mm 16.5 | mm 12 |
| Fili domin zagaye | Ɗaki guda | Fallen ƙofa | Ɗaki guda | Ƙasa da HO kaɗan |
| Jeran taragu | Mai kyau ƙwarai | Sai da haƙuri | Mai kyau ƙwarai | Mai kyau |
| Dogon jirgi | Da wuya | Mai kyau ƙwarai | Da wuya | Ba a cika buƙata ba |
| Juriya ga ƙura | Mai kyau | Rauni | Mai kyau | Matsakaici |
| Farashin abu guda | Matsakaici zuwa sama | Ƙasa da HO kaɗan | Matsakaici | Sama |
| Samuwar kaya | Mafi yawa | Da yawa | Na Ingila kaɗai | Kaɗan |
| Sauƙin ƙaura | Kanta kaɗai | Mai sauƙi | Kanta kaɗai | Matsakaici |

Abin da ya shafi kowane ma'auni a wannan ƙasa

Ƙarfen layin zamani gauraye ne na jan ƙarfe da nikel da tutiya, ba ya tsatsa, amma yana miƙewa da zafi: mita guda tana ƙara kimanin rabin milimita idan zafi ya ƙaru da digiri 30. A ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki kullum wannan ba komai ba ne. A ɗakin saman bene da ake kullewa a tafi hutu gida wata biyu, ya isa ya lanƙwasa dogon layin da aka liƙe da dalma daga farko har ƙarshe. Ana barin ɗan gibi mai kaurin katin waya tsakanin sanda da sanda a miƙaƙƙen wuri. A Jidda katakon ne ma ya fi motsi saboda laimar teku, don haka a shafe shi da fenti ciki da waje kafin a ɗora layi. Kan jirgi kuwa kada a bar shi a cikin mota da rana, domin jikinsa roba ne.

Yashin hamada kyauta ne kuma launinsa ya fi na kanti dacewa, amma yana iya ƙunsar ɓurɓushin ƙarfe, musamman baƙar ƙasar duwatsun da ke kewaye da Madina. Motar kan jirgi tana da maganaɗisu, za ta tsotse su. A tankaɗe yashin, a wanke, a shanya, sannan a nannaɗe maganaɗisu a leda a bi ta kansa sau da yawa har ya daina ɗauko komai, kafin a liƙe shi da farin gam da aka tsinka da ruwa rabi da rabi tare da ɗigon sabulun wanke-wanke. Wanda kuma yake kaffa-kaffa da 'yan mutum-mutumin da ake jerawa a dandamali yana iya barinsu. Tashar hamada da tsakar rana dama ba kowa a waje.

Wajen lissafin kuɗi a tuna da harajin VAT na kashi 15 cikin ɗari da kuɗin jigila, kuma dala ɗaya riyal 3.75 ce. Tara oda ta zama babba ya fi yin ƙanana da yawa. A duba rubutun da ke jikin na'urar wuta kafin a saya: gidajen zamani a nan suna kan volt 230, alhali kayan Amurka na iya zama na 120 kaɗai, na Japan kuma 100. Wadda aka rubuta mata 100 zuwa 240 ita ce lafiya.

Sarrafawa: tsohon tsari ko na dijital

A tsohon tsari ana ƙara wutar layi ko a rage ta, daga sifili zuwa kimanin volt 12, kuma duk kan jirgin da ke kan layin zai motsa tare. Mai kanta da kan jirgi ɗaya ba ya buƙatar fiye da haka. Wanda yake son jirage biyu su yi aiki daban sai ya yanka layin kashi-kashi da makunnai masu yawa. A tsarin dijital na DCC, wanda ya samo asali daga kamfanin Lenz na Jamus kuma ƙungiyar NMRA ta Amurka ta mayar da shi ƙa'ida a shekarun 1990, wutar tana kan layi kullum, kowane kan jirgi yana da dikoda, wato ƙaramar na'ura mai karɓar umarni, mai lambarsa, kuma direba yana magana da wanda ya kira kaɗai. Ana saita masa nauyi yadda zai tashi a hankali ya tsaya a hankali, wanda shi ne rabin kamannin gaske. Dikoda mai sauti tana kaiwa kimanin dala ɗari ita kaɗai.

A nan ma HO yana da rinjaye, domin cikinsa yana ɗaukar dikoda da lasifika da ƙaramin ma'ajin wuta da ke tsallakar da shi wurin datti, abin da ke da matsi ƙwarai a N. Ko wane ma'auni aka zaɓa, a sayi kan jirgi mai soket na dikoda ko da ba a shirya komawa dijital ba tukuna. Mai ƙaramin ƙarfi da ya iya haɗa waya yana iya gina na'urar sarrafawa ta DCC-EX a kan ƙaramin allon lantarki na Arduino, ya haɗa da manhajar JMRI ta kyauta, ya tuƙa da wayarsa.

Haɗari ɗaya a kiyaye shi. HO na Märklin yana ɗaukar wuta ta wasu ƙusoshi a tsakiyar layi, kuma jiragensa ba sa aiki a kan layin HO na sauran kamfanoni. Ko taragonsa aka ɗora yana iya haɗa wuta. Tsari ne mai inganci, amma wanda aka kawo masa saitinsa tsaraba daga Jamus ya san cewa ya shiga wani gida daban.

Wa ya dace da me

Ɗalibi a Jami'ar Musulunci ta Madina ko Ummul Ƙura, ko ma'aikacin da ke raba ɗaki da wani, ya ɗauki N da Unitrack, ko akwatin T-TRAK ɗaya ko biyu, domin komai zai shiga jaka ranar tafiya gida. Mai iyali a gidan haya wanda jeran taragu ke burge shi ya gina kantar HO a jikin bango, ko OO idan bangon bai kai mita ɗaya da rabi ba, ya sa kuɗinsa a kan jirgi ɗaya mai kyau da ƙugiyoyin Kadee. Wanda burinsa jirgin Haramaini ko dogon jirgin fosfat ko jadawalin Dammam zuwa Riyad ya ɗauki N, ya yi wa layin murfi tun ranar farko. Uban da yake son ya yi tare da 'ya'yansa, da dattijon da idonsa ya fara gajiya, HO ya fi musu. Mai ɗaki na kansa da abokai uku ko huɗu da za su riƙa zuwa tuƙi ya gina HO a zagayen bango da DCC, ya ware wani ɓoyayyen sashe na ajiye jirage da zai tsaya a matsayin sauran duniya. Mai son Hijaz ko Atbara ko Kano ta da kuwa ya fara da kantar HO ta gama-gari, domin gine-ginen da ƙwarewar duk za su bi shi zuwa layin milimita 12 idan lokacin ya yi.